Wa Bai Zo Ba? Jagorar Kai Aikin Lafiya Ga Kowa A Jihar Maradi

Taron bita bayan kamfen ɗin shaushawa, wato allurar rigakafi, ko rabon maganin masassarar damina yakan ƙare iri ɗaya: a karanta yawan yaran da aka samu, a ce an kai kashi kaza cikin ɗari, wani sa'in ma ya haura ɗarin, a tafa, a watse. Haura ɗarin nan ba abin murna ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum kimanin miliyan 3.4 a jihar Maradi, kuma a kanta aka daɗe ana ɗora kiyasin yaran kowace shekara, alhali an hayayyafa, an yi ƙaura, baƙi sun shigo. Lissafi na iya cika a takarda, yara kuma na nan bayan gari ba a taɓa ganinsu ba.

Wannan jagora ta majo ce, wato shugaban CSI, likitar gwamnati mai kula da garuruwan yanki, da mai riƙe da ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye da ake kira kaz, da ƴan sa-kai na gari wato rele, da ƴan kwamitin lafiya, da ma'aikatan ƙungiyoyi. Mutanen da rajista ba ta san su ba kusan kullum su ne dai: amarya mai ɓoye cikin fari, matar kulle da mijinta ya tafi cin rani bai bar izini ba, Bafulatanar ruga, Buzuwar zango, kurma, gurgu, almajiri, da baƙon da ya gudo daga Zamfara. Rubuta "kyauta" a bakin ƙofa ba ya kawo ko ɗayansu. Kowa da abin da ya tare shi, sai an gano shi an kawar.

Mataki na farko: zana ƙasarka, ka buɗe rajista

A ma'aunin hukumar lafiya ta Nijar, wanda ke zaune cikin kilomita 5 daga CSI ana ɗaukarsa yana kusa da likita, kuma kusan rabin ƴan ƙasa ne kawai ke cikin wannan da'ira. Na cikin kilomita 5 su ke zuwa da ƙafarsu, na tsakanin 5 da 15 a bi su da babur, na gaba da haka sai ayarin mota. Ɗakunan kaz kimanin 2,000 da aka fara ginawa a 2001 zamanin Tandja sun rage nisan, amma ba su kashe shi ba.

Kilomita kuwa ba ta faɗin gaskiya a nan. Ƙauyen da ke kilomita 3 amma Gulbin Maradi ya raba ku, a watan Agusta ya fi na kilomita 12 da ke bakin kwalta nisa. A Dakoro yashi ne ke yin aikin da gulbi ke yi a Madarumfa. Don haka ka samu babbar takarda, ka kira rele, da ungozoma, da wakilin mai gari, da malamin dabbobi, da ɗan kabu-kabu guda wanda ya san lungu. Ku zana kowane gari da awoyin tafiyarsa, na rani daban na damina daban. Ku sa abin da taswirar ofis ke mantawa: tunga, ruga, zango, gidajen gona, tsangaya, rijiyoyin shayar da dabbobi, kasuwanni da ranakun cinsu. Ɗan kabu-kabun nan zai ambaci wuraren da majo bai taɓa jin sunansu ba.

Daga nan ka buɗe rajistar shaushawa ta shekarar da ta wuce. Gari bayan gari, ƙidaya yaran da suka karɓi allurar mako 6, ka ƙidaya waɗanda suka kai ta mako 14, da waɗanda suka dawo ta wata 9. Za ka fito da mutane kashi biyu, kuma kada ka haɗa su. Waɗanda suka zo sau ɗaya suka ɗauke ƙafa sun san hanya, sun samu izini, wani abu ne suka gani a wurinmu: tsawa, dogon jira, "babu allura yau", ko zazzaɓin da ya biyo bayan allura ba wanda ya gargaɗe su. Gyaran wannan a cikin CSI yake. Waɗanda ba su taɓa zuwa ba, tasu matsalar tana waje: hanya, izini, harshe, kuɗi, tsoro. Ƙara shela a rediyo ba ya maganin kashin farko, gyara benci kuma ba ya maganin na biyu.

Na biyu: sa aikin a lokacin mutane

Ka ɗora kalandar gona a kan ta likita. Daga shuka zuwa noman biyu, mace tana gandu ko tana gamanarta tun hantsi, rumbu ya yi ƙasa, kuma daidai lokacin ne masassara da tamowa ke cika gadajen asibiti. Da rani akwai sarari, amma maza sun watse Najeriya, Agadas, Libiya, ga sanƙarau da ƙyanda suna jiran zafi. Fitar da aka sa ƙarfe tara na safe cikin Yuli tsofaffi kawai take tararwa a gari. A tambayi matan kansu wace rana ba a zuwa gandu, kuma wane lokaci ake gama daka da ɗibar ruwa.

A cikin birni, Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne. Ga ƴan karkara da ke shigowa dama ce, a ajiye teburin shaushawa kusa da tasha. Ga matan da ke sana'ar ranar kuwa, mummunar rana ce. A unguwannin da kulle ya yi ƙarfi mace ta fi samun fita bayan la'asar ko magariba, saboda haka awon yamma ko da sau ɗaya a mako yakan fito da fuskokin da ba a taɓa gani da safe ba. Ranar da aka sa kuma a cika ta. Garin da aka tara mata suka wuni gindin bishiya babur bai zo ba, sai an sha wuya kafin su sake taruwa.

Na uku: san wanda maganar ke hannunsa

Mafi yawan saƙonmu uwa muke yi wa, alhali ba ita kaɗai ke yanke fita ba. Akwai mai gida, akwai uwarsa, wani gidan ma yayansa ne ke riƙe da kowa. Sama da su akwai mai gari ko mai unguwa, da liman, har zuwa fadar Sarkin Katsinan Maradi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri. Gaisuwar fada ba ɓata lokaci ba ce. Amma kada a tsaya can, don mai gari na iya cewa "an ji, an karɓa" gidaje goma su rufe ƙofa.

A ƙofar gida, rele namiji ya tsaya zaure, mace ta shiga. Shi ya sa kowane ayari ke buƙatar mace, kuma matar aure mai ƴaƴa ta fi budurwa samun kunne. Ga yadda gogaggiyar rele ke yi idan ta tarar da surukar gida a tsakar gida:

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni? Ina gajiya? Yaya jikokin?"

"Lafiya lau. Ku ne masu allura? Mai gidan ba ya nan."

"Ba da allura na zo ba yau, Inna. Amaryarku na ji an ce ƙafarta na kumbura. Ke kika haifi mai gidan, kin fi ni sanin ciki. Na ce ko za ki rako ta awo ranar Laraba, a duba jininta a gabanki."

Ba ta musa wa tsohuwar ba, ba ta yi mata lacca ba, ta ba ta matsayi a cikin aikin. Tsohuwar da ta raka sau ɗaya aka shimfiɗa mata tabarma, ita ce za ta tura sauran matan ƴaƴanta.

Abu guda da nake ganin ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko dala, shi ne izinin da ake bari kafin tafiya. Bayan girbi, lokacin da maza ke shirin cin rani, liman ya yi maganar a masallaci, rele su bi fada-fada: kowane magidanci ya faɗa a gaban uwarsa ko ƙaninsa cewa in ciwo ya kama, ko naƙuda, ko ranar awo ta zo, an yafe a tafi likita ba sai an neme shi a waya ba. Mata da yawa sun kwana da yaro mai suma suna jiran layin Libiya ya shiga.

Ba sai an ƙirƙiri sabbin ƙungiyoyi ba. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin adashin mata, a nan jihar Maradi aka fara su a 1991 da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kuma suna zama duk mako da asusunsu. Makarantar mazaje, da aka soma a jihar Damagaram a 2008 tare da hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna cewa magidanci ya fi jin maganar awo daga bakin magidanci ɗan'uwansa. Sai wanzami: ranar suna jariri na hannunsa, babu haihuwar da ke wuce shi a gari. Wanzamin da aka girmama aka roƙe shi ya riƙa tambaya "an kai shi an yi masa ta farko?" ya fi allon sanarwa goma, kuma ta nan ne ake samun hanyar yi masa maganar tsaftar aska da haɗarin cire beli ba tare da faɗa ba.

Na huɗu: harshe, da ranar dawowa

Hausa ta game jihar, shi ya sa muke mantawa da waɗanda ba ita ce ta gidansu ba. A Bermo, da arewacin Dakoro da Mayahi, namiji na iya yin Hausar kasuwa, matarsa kuwa Fulatanci ko Buzanci kawai take ji sosai. Za ta gyaɗa kai har ka gama, don kunya, ta tafi ba ta ɗauki komai ba. A nemi rele daga cikin rugar ko zangon, ko da ba ta yi lakwal ba. Sharaɗin iya rubutun boko da ake sa wa rele shi ke fitar da ainihin mutanen da ake buƙata. Ana iya haɗa ta da wanda zai cika takarda.

Karne, wato katin shaushawar yaro, da Faransanci yake, ranar dawowa kuma da lambobi. Uwar da ba ta karatu, faɗa mata da abin da take ƙirga kwana da shi. Tsakanin allurar mako 6 da ta 10 da ta 14 mako huɗu-huɗu ne: "Kasuwar garinku huɗu za ta ci, bayan ta huɗun ki dawo irin ranar yau." Sannan ka ce ta maimaita maka, kada ka tambaye ta "kin gane?", don amsar kullum "i" ce. Ka gaya mata tun yanzu jikinsa na iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, da abin da za ta yi. Ka kuma tuna mata cewa ta ƙyanda biyu ce, akwai ta biyu a shekararsa ta biyu, wadda aka fi mantawa.

Sanƙira, da rediyon gari, da tashoshi irin su Anfani da Saraounia, da saƙon murya na WhatsApp, duk suna kai labari inda takarda ba ta kaiwa. Abin da za a rubuta wa malamai a rubuta shi da ajami. Game da malamai ɗin, ga shawarata: yaron da masassara ta hau masa kai yana fizge-fizge, gidaje da yawa iska za su ce, wurin malam ko boka za a fara. Hana su ba zai yiwu ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a zauna da malamin a roƙe shi: ya yi tofinsa, ya ce da bakinsa a wuce likita yanzu, kada a kwana.

Na biyar: kuɗin da ba a rubuta ba

Tun 2006 duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tsarin iyali kyauta ne a likitocin gwamnati, haka ma fiɗar haihuwa. A 2024 hukuma ta sake rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje, ta kuma yafe kuɗin haihuwa. Duk da haka talaka na lissafi kafin ya taso: kuɗin babur zuwa da dawowa, abincin mai jinya, wunin gona da ya tafi, da takardar maganin da za a miƙo masa in farmasin CSI ta bushe, abin da ya sha faruwa saboda jinkirin biyan likitoci kuɗin aikin kyautar.

Abin da ke hannunku a nan uku ne. A rubuta a bango, da boko da ajami, abin da ke kyauta da abin da ake biya da nawa ne, a karanta shi a rediyo, kuma duk dalar da aka karɓa a ba da rasit. Rashin sanin farashi kansa yana hana zuwa, don mai jaka ɗaya a ɗaure a zane ba ta son a kunyata ta gaban mutane. Na biyu, kowane gari ya san tun kafin damina amalanken wa ko motar wa za a tasa da dare, lambar wa za a kira, kuma asusun da zai biya man yana hannun wa. Asusun Mata Masu Dubara ya saba da irin wannan rance. Na uku, a fitar da sunayen waɗanda ba su da ko sisi, gwauraye tsofaffi, marayu, masu taɓin hankali, domin a yafe musu. Kada a bar zaɓen ga mutum ɗaya komai girmansa. A yi shi da liman, da shugabar mata, da rele, in ba haka ba sunayen dangi ne za su cika takardar.

Na shida: masu tafiya da baƙi

Makiyaya na haurawa arewa da damina, wajen Bermo da Gadabeji har gaba, su gangaro bayan an kwashe amfanin gona. Wanda ya je nemansu da jadawalin ofis zai tarar da toka da kashin shanu. Arɗo da malamin dabbobi su suka san rijiyar da za a sauka da makon da za a sauka. A Chadi, tun shekarar 2000 aka gwada haɗa shaushawar dabbobi da ta yara a fita ɗaya, aka samu yaran da ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba, kuɗin mota kuma ya ragu tunda an raba. Makiyayi ba ya wasa da ranar allurar garkensa. In ka zo tare da ita, ka zo da mutunci. A ba uwa karnenta a leda, a gaya mata duk CSI da ta tarar a hanya haƙƙinta ne a yi wa yaron ta gaba. Majo kuma kada ya kore ta da cewa ba ƴar yankinsa ba ce.

Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, akasari zuwa gundumar Gidan Rumji. An tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, amma da yawa suna cikin gidajen dangi da na masu karɓar baƙi. Da yake harshe ɗaya ne, shiga ɗaya, ba a ganinsu, ƙidaya ma ba ta san da su ba. A tambayi mai gari baƙi nawa suka sauka tun fitar da ta wuce, a ƙara yawan allura da magani a kan haka. Kada a ce sai da takardar zama kafin a duba yaro. Katin shaushawar Najeriya da Turancin Ingilishi yake, a koya wa ma'aikata karanta shi don kada a sake farawa daga farko ko a tsallake wata. Abin da aka ba baƙo kuma a ba mai masaukinsa, wanda ya raba hatsinsa biyu. Cuta dai ba ta tsayawa a shingen Ɗan Isa, kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a 2018 ta isa shaida. Inda hanya ba ta da tsaro, a dogara da rele mazaunin garin, a bar masa kayan aiki isassu, a je da rana a dawo da rana.

Almajirai su ne aka fi mantawa. Yawancinsu sun wuce shekara 5, kyautar ba ta hau kansu ba, rabon gidan sauro kuma da gida-gida ake ƙirga shi, tsangaya ba ta shiga. A rubuta kowace tsangaya a matsayin gida, alaramma a matsayin mai gida.

Na bakwai: shiga CSI ɗinka da ƙafar wani

Gayyaci sarkin guragu, da sarkin makafi, da wani daga ƙungiyar kurame, ku shiga tun daga bakin titi. Za a ga matakalar da keke ba ya hawa, da ƙofar ban-ɗakin da ba ya shiga, da gadon haihuwar da gurguwa ba za ta iya hawa ba sai an ɗauke ta kamar buhu. Wasu gyare-gyaren buhun siminti biyu ne da ɗan benci. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, to a fara daga matakalar.

Kurma tana iya wuni a layi saboda da baki ake kiran suna. A ba da lamba a hannu, ko mai tsaron layi ya riƙa taɓa ta. In ta zo da mai fassara, yawanci ɗanta ne ko ƙanin miji, a tuna akwai maganar da ba za ta yi a gabansa ba. Akwai makarantar kurame a Maradi, ma'aikaci ɗaya ya je ya koyi maganar hannu gwargwadon "ina ke ciwo", "wata nawa", "sau nawa a rana". Makaho kuma a bambanta masa ƙullin magani da abin da hannu ke ji, wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu.

Mai yoyon fitsari da mai kuturta ba sa zuwa taro, ko an yi shela sau ɗari. Ungozoma ce ta san ɗakin da suke. A bi ta hannunta a asirce, a gaya musu ana aikin duka biyu a Danja, kudu da Maradi kaɗan, inda aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012 kusa da tsohon asibitin kutare.

Sai ƙananan amare. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maradi na haihuwar ƴaƴa 8.4 a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya, kuma da wuri ake farawa. Mai cikin fari tana jin kunyar zama benci ɗaya da sa'ar uwarta, balle a tambaye ta da ƙarfi yaushe ta ga wata. A ware musu awa tasu da labule. In ta haihu ta kawo ɗan fari, kada a matsa mata ta faɗi sunansa, ba za ta faɗa ba, kuma ba taurin kai ba ne. A duba karne ko a tambayi wadda ta rako ta. Tunda wankan jego gidan iyaye ake zuwa, allurar farko a wani CSI za a yi ta, ta biyu a wani, sai a rubuta garuruwan biyu a rajista. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mace ɗaya da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa, kafin la'asar duk bakin rijiya ya ji.

Na takwas: bar wani abu a hannun uwa

Ma'aikaci na zuwa sau ɗaya a wata, uwa tana nan kullum. Igiyar awon damtse mai launi uku ta yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ce. A samu tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun na sake, a zagaya igiyar ba matsewa ba sako-sako. Kore lafiya. Rawaya, tsakanin milimita 115 da 125, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 115, yau ɗin nan. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa a ƙirga uku, in ramin ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai kumburi ko da igiya ta nuna kore. An gwada ba iyaye mata wannan igiya a Mirriya ta jihar Damagaram, aka ga ba su gaza ma'aikatan gari ba wajen gano yaran. Koyarwar ba ta buƙatar karatu, amma kowace uwa ta auna ɗanta a gabanka, kallo kawai ba ya isa. Wadda ta zo da kanta saboda ta ga ja, ko awonka ya saɓa da nata, yaba mata. In ka kore ta da dariya, ba ta ƙara aunawa.

Maganin rigakafin masassarar damina, da Nijar ta fara rabawa a 2013, na yara ne daga wata 3 zuwa 59, zagaye-zagaye wata-wata daga Yuli. Ranar farko ƙwaya biyu ce a gaban mai rabo, sauran biyun uwa ke bayarwa a gida, rana ta biyu da ta uku. A nan aikin ke lalacewa: wata ta ajiye sai yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba da ɗan kishiya da ya wuce shekaru. A narkar da ƙwayar a ɗan ruwa a ludayi, uwar ce za ta ba shi da hannunta tun ranar farko. In ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Mai zazzaɓi a ranar ba a ba shi, gwaji ake yi masa. Rele ta leƙa washegari, ta fara da gidajen ƙarshen gari da tungaye, waɗanda mai rabo ke isa a gajiye ko ba ya isa sam.

Na tara: jita-jita

Wanda ya ce allura na hana haihuwa ba mahaukaci ba ne, yana da abin da ya ji. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo, dakatar da ɗigon shan inna a can a 2003 kuma ya sa cutar ta sake bazuwa har cikin Nijar. Akwai kuma tambayar da magidanta ke yi wadda ke da gaskiya a ciki: me ya sa ɗigo ke biyo mu har ɗaki kyauta, amma in yaro na masassara sai mun saya? A amsa ta da aiki, a riƙa fita da awon tamowa, da gwajin masassara, da sinadarin bitamin A tare da ɗigon. Gidan da ya ƙi, kada a fara da barazanar hukuma. A rubuta dalilinsa da kalmominsa, a dawo da wanda yake jin nauyi, kuma ma'aikaci ya ɗiga wa nasa ɗan a bainar jama'a. In wani yaro ya yi rashin lafiya bayan allura, majo ya je gidan da kansa a ranar, kafin labarin ya shiga WhatsApp.

Na goma: taron ƙarshen wata

A sauya abin da ake karantawa. Bayan jimilla, a karanta sunayen garuruwa da rugage da tsangayun da ba a samu ko mutum ɗaya daga cikinsu ba a watan, kowanne a sa masa sunan wanda zai je da ranar zuwa. A ƙara layi a rajista don naƙasa da harshen gida, in ba haka ba babu yadda za a san ko suna zuwa. Kwamitin lafiya ya samu kujerar mace, da ta makiyayi, da ta naƙasasshe, kuma a riƙa ba su magana kafin manya su yi, don bayan mai gari ya faɗi tasa ba mai ƙarawa. Akwatin ƙorafi ba ya aiki inda ba a rubutu. Wata ƴar kwamiti, ba ma'aikaciyar CSI ba, ta zauna bakin rijiya ta tambayi matan da suka daina zuwa me ya faru, ta kawo amsar ba tare da suna ba.

Alawus ɗin rele da man babur a sa su farkon kasafi, a biya kan lokaci. Duk matakan nan a ƙafar rele suke tafiya, kuma wadda ta bar gamanarta wata uku ba ta ga ko dala ba, zagaye na gaba gidajen kusa da kwalta kawai za ta shiga.